Yadda Ake Sasanta Abokan Aiki Biyu da Suka Saɓa

Wannan bayani na wanda aka ɗora wa nauyin shiga tsakanin ma'aikata biyu ne, ko shugaban sashe, ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, ko kuma dattijon ofis da kowa ke jin nauyinsa, aka same shi aka ce, “Malam, don Allah ka yi wa mutanen nan magana.” Na daɗe ina wannan aiki a makaranta da ofis, kuma abin da na fi gani ana yi shi ne sulhun minti biyar. A kira mutum biyu, a yi musu nasiha, a ce su ba juna hannu, kowa ya ce ya wuce. Kafin wata ya zagayo sun koma gidan jiya. Dalilin kuwa shi ne an lallashi zukata, amma ba a taɓa abin da ke haɗa su faɗa a cikin aikin ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga farko: mai sulhu ba alƙali ba ne. Ba a kira ka don ka ce wane ne mai laifi ba. Aikinka ka sa kowannensu ya faɗi damuwarsa a gaban ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya ji, sannan su biyun su tsara yadda za su ci gaba da aiki tare.

Abubuwan da za ka tanada

- Ɗaki mai ƙofa, wanda ba ofishin ɗayansu ba ne, ba kuma na shugaban ma'aikata ba. Ɗakin taro ya yi, ko laburare, ko aji bayan ɗalibai sun tashi. In babu ɗaki ko ɗaya, ku nemi gindin bishiya nesa da inda mutane ke wucewa. Gara wannan da ofishin da masinja ke shigowa kowane minti goma.
- Kujeru uku iri ɗaya. Kada ɗaya ya samu mai laushi, ɗaya ya zauna a benci.
- Lokaci, kamar awa biyu da ba wanda zai neme ku. Hantsi ya fi, ko bayan an dawo daga sallar Azahar. Ka guji ranar Juma'a gab da tafiya masallaci, da yammacin azumi, da lokacin da iyaye ke sauri su ɗauko yara daga makaranta.
- Littafi da biro. Ban da ɗaukar murya da waya.
- Takardun da suka shafi rigimar: jadawalin aiki, rajistar zuwa aiki, takardar da ta fayyace aikin kowa, da dokokin ma'aikatar. In ta gwamnati ce, ka nemi littafin dokokin aikin gwamnati a wajen jami'in mulki.
- Ruwan sha da tishu.
- Mataimaki, in ɗayansu mace ce kai namiji ne, ko akasin haka. Ka bar ta ta zaɓi wata mace da ta amince da ita ta zauna tare da ku. In ba ta so, ku zauna inda ake hango ku amma ba a jin ku. Wannan kariya ce gare ta, gare ka kuma.

Maganganun da ba na sulhu ba ne

Kafin ka ɗaga ƙafa, ka tabbata maganar ta sulhu ce. Neman mace da lalata ko matsa mata a wurin aiki, duka da ya jawo rauni, barazanar kisa, satar kuɗi ko kayan ma'aikata, buga takardun jabu, sakacin da ya cutar da majiyyaci ko ɗalibi, duk waɗannan hanyarsu bincike ce a rubuce, wani lokaci har gaban hukuma. Wanda ya zaunar da mace da mutumin da ya ci zarafinta ya ce su yafe wa juna, rufa-rufa ya yi. A 2022 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta yi magana a kan tashin hankali da cin zarafi a wurin aiki, kuma tun kafin nan hadisin da Tirmizi ya rawaito ya kafa iyaka: sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, ban da sulhun da ya haramta halal ko ya halatta haram. In kana tsakiyar zama irin wannan magana ta ɓullo, ka dakatar, ka gaya musu ta fi ƙarfin teburinka.

Abin da ya rage naka ne: rabon aiki, baƙar magana, gaba, raini tsakanin tsohon ma'aikaci da sabo, rigimar waye zai yi aikin dare, waye zai je kwas, waye ya kai ƙarar wani wajen shugaba.

Mataki na 1: Duba kanka

Ɗayansu abokinka ne? Ɗan garinku ne, ko surukinka? Kuna adashi tare, ko akwai bashi tsakaninku? Kuna neman kujera ɗaya da shi? In amsar ɗaya daga ciki e ce, ka miƙa wa wani. Ko da za ka iya adalci, ɗayan ba zai yarda ka yi ba, kuma shi ke nan aikin ya lalace tun bai fara ba.

A ma'aikatun da aka haɗu da kowane jinsi, in ɗaya Musulmi ne ɗaya Kirista, ko ƙabilarsu ta bambanta kuma kai kana tare da ɗaya, ka nemi mutum na biyu ku yi tare. Ku kuma tsayar da harshen da za a yi magana da shi. Wanda aka tilasta wa kare kansa da harshen da bai ƙware ba ya shigo da rauni.

In kai ne shugabansu kai tsaye, mai cika musu fom ɗin auna ƙwazo na shekara, ka sani abin da zai kare ƙarin girmansu za su faɗa maka. Kana iya yi in babu wani, amma na gefe ya fi.

Mataki na 2: Daidaita da shugaban ma'aikata

Abu uku za ka nema a wurinsa. Ya ba ku lokaci a cikin sa'o'in aiki. Ya dakatar da takardar tuhuma ko canjin wurin aiki a kan wannan magana har ku gama. Ya kuma yarda cewa abin da za ka kawo masa shi ne ko an daidaita ko ba a daidaita ba, da abubuwan da aka amince a yi. Wasu shugabannin za su ce ka riƙa zuwa kana ba su labari. Cikin ladabi ka ce, “Ranka ya daɗe, in na kawo maka abin da suka faɗa mini a asirce, gobe babu wanda zai sake buɗe mini baki a ma'aikatar nan.” Yawanci sukan gane.

In shugaban ne da kansa a cikin rigimar, kada na ƙasa da shi ya ce zai sasanta. A nemo wani daga hedikwata, ko daga ƙungiya, ko tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya wanda duka biyun ke girmamawa.

Mataki na 3: Gana da kowa shi kaɗai

Nan ne rabin aikin yake, kuma shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa. Ka ga su biyun a rana ɗaya in da hali, don kada wanda ya rage ya kwana yana saƙe-saƙen an riga an ɓata shi. Ka fara da babba saboda girmansa, amma ka sanar da ƙaramin cewa shi ma yau za ka gan shi, kuma lokacin da za ka ba su ɗaya ne.

Ka faɗa wa kowa matsayinka a fili: ba bincike kake yi ba, ba ka da ikon hukunta kowa, abin da ya faɗa maka ba zai fita ba sai da izininsa, in ban da abin da ya shafi laifi ko cutar da wani. Sannan ka tambaya ka yi shiru. Me ya faru? Yaushe abin ya fara? Kafin nan yaya kuke? A cikin duk abin da ya faru, me ya fi ci maka rai? Me kake so ya canza a aikin daga ranar Litinin?

Ga misali da zan yi ta komawa gare shi. Makarantar sakandare ce, jami'in jarrabawa da malamar lissafi sun yi wata biyu ba sa ga-maciji. Shi ya ce, “Malam, matar nan ba ta da ladabi, ko gaisuwa ta daina. Kullum ita ce ta ƙarshe wajen kawo maki, ni kuma shugaba ke tsarewa.” Ita kuma ta ce, “A gaban 'yan bautar ƙasa ya ce mini ragguwa. Bai ishe shi ba, ya sa sunana a guruf ɗin WhatsApp na malamai.” In ka tsaya nan, za ka ɗauka maganar gaisuwa ce da zagi. Sai da aka tambaye ta me ke hana maki fitowa da wuri ta ce tun da aka ɗauke ɗayan malamin lissafi ita kaɗai ke riƙe da dukkan manyan azuzuwa, kuma ranar karɓar maki da baki yake sanar da ita a ɗakin malamai, a lokacin da ita tana aji. Shi bai san yawan takardun da take dubawa ba. Ita ba ta san ana kiran sa ofis a kanta ba.

Ka kula da bakinka a wannan zama. “Gaskiyarka,” “ai kowa ya san halinsa,” “wallahi bai kyauta ba,” duk ka haɗiye su. Wanda ka faɗa wa zai shigo zaman haɗuwa da tabbacin kana bayansa, ranar da ka ƙi goya masa baya kuma ka zama maci amana. “Na ji” da “na fahimta” sun wadatar.

A ƙarshe ka tambayi abu biyu: me ka yarda in ambata a gabansa, kuma ka yarda ku zauna tare? In ya ce a'a, kada ka tilasta, kada kuma ka tsorata shi da shugaba. Ka tambaye shi abin da yake gudu. Sau da yawa tsoron a ci masa fuska ne, ko a yi masa taron dangi. Ka ba shi kwana biyu. In har ya dage, kana iya yin sulhun kai-komo, wato ka riƙa ɗaukar shawara daga wannan zuwa wancan har su kusanto. Ya fi jinkiri, kuma akwai haɗarin a zarge ka da ƙari ko ragi, don haka ka rubuta saƙon ka karanta wa mai shi kafin ka kai.

Mataki na 4: Tace abin da ka ji

Ka zauna kai kaɗai ka raba shafi gida uku. Gida na farko abin da ya faru wanda takarda za ta iya tabbatarwa, kamar ranar da aka kawo maki, da saƙon da aka tura. Na biyu abin da ya ɓata rai. Na uku abin da aikin yake buƙata. Galibi gida na ukun ne za ka tarar babu komai a ciki, domin ba wanda ya yi tunaninsa.

Kada ka bi ofis-ofis kana neman shaidu. Da ka fara haka ka koma ɗan sanda, ma'aikata kuma za su rabu gida biyu. Duk maganar da ta fara da “an ce ya ce” ka ajiye ta gefe. Kusan kowace rigimar ofis tana da mai kai gulma nan ya kai can, kuma ba ya cikin ɗakin da za ku zauna.

Mataki na 5: Shirya wurin zama

Kada ka sa su fuska da fuska kamar masu shirin dambe. Ka karkata kujerun kaɗan su fuskanto ka, nisanka da kowa ɗaya. Ka riga su isowa. A kashe ƙarar waya, har taka. In ɗaya zai zo da wakilin ƙungiya, ɗayan ma ya zo da nasa, kuma 'yan rakiya ba sa magana sai an nemi su yi. Miji ko yaya daga gida kuwa, ka roƙa a bar su a gida. Da sun shigo, rigimar aiki ta zama ta dangi.

Mataki na 6: Buɗe zama

Ku gaisa sosai, a tambayi iyali. In addininsu ɗaya, gajeriyar addu'a tana sanyaya wuri. In ya bambanta, ka tambaye su, ko kowa ya yi tasa a zuci. Sannan ka ce wani abu kamar haka:

“Na gode da kuka amsa kira. Ban tara ku don in ce wane ne da gaskiya ba. Kowa zai yi magana ba tare da an katse shi ba, wanda ya ji abin da bai yarda da shi ba ya rubuta, lokacinsa na zuwa. Ba zagi, ba ambaton iyaye ko ƙabila. Abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Wanda ya ji yana son a tsaya a sha iska ya faɗa. Malam, ka amince? Malama, kin amince?”

Ka jira kowa ya amsa da bakinsa. Wannan amsar za ka riƙe su da ita in wuta ta tashi.

Mataki na 7: Sauraro

Wa zai fara? Al'ada ta ce babba. Matsalar ita ce in babba ya gama jawabinsa, ƙaramin yakan sunkuyar da kai ya ce, “Duk yadda ya faɗa haka ne,” ya tashi da abinsa a ciki. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in nemi alfarma a wurin babban: “Malam, kai ne babba, ka yi mana alfarma Malama ta fara.” Shi ya samu girmansa, ita ta samu fili.

Idan mutum ya gama, ka maimaita abin da ya faɗa, amma ka cire dafin. Ya ce, “Ragguwa ce, ba ta damu da aikin kowa ba.” Kai ka ce, “Wato maki bai iso maka ranar da kake jira ba, shugaba kuma ya kira ka a kai, abin ya dame ka. Haka ne?” Ta ce, “Mugu ne, so yake ya ga bayana.” Ka ce, “Wato maganar da aka yi a gaban baƙi da sunanki da aka sa a guruf sun zubar miki da mutunci.” Ba ka canza maganar ba, ka dai mai da ita yadda ɗayan zai iya saurara. Duk inda ka ji “kullum” ko “bai taɓa ba”, ka nemi misali ɗaya: wane zango, wace rana?

Bayan kowa ya yi nasa, ka roƙi kowannensu ya faɗi abin da ya ji ɗan'uwansa ya ce. Za su yi nauyin baki, wani ma zai fara da “to amma”. Ka tsayar da shi a hankali: “Amsa na zuwa, yanzu dai me ka ji ta ce?” A wannan gaɓar ce jami'in jarrabawan ya fara jin cewa mutum ɗaya ke duba takardun azuzuwan da mutum biyu suke dubawa a da. Ya yi shiru ya ce, “Ni ban san an ɗauke Malam ba a kawo wani ba.” In ka ji irin wannan, kada ka yi tsalle ka ce to an gama. Ka bar shirun ya ɗan daɗe.

Akwai maganganu biyu da sabon mai sulhu ke ɗauka an daidaita, alhali ba a fara ba: “Ba komai” da “Na bar shi da Allah.” Wanda ya faɗe su yana kallon ƙasa, hannu a harɗe, ya fid da rai ne da samun adalci a wurinka. Ka ce, “Na ji kin ce ba komai, amma fuskarki ba ta ce haka ba. Akwai abin da ya rage?” In ta ƙi, ka ba da hutu ka gan ta ita kaɗai, sannan shi ma ka gan shi na daidai wannan lokaci, ko da ba ka da abin tambayarsa sosai.

In an yi kuka, ka miƙa ruwa ka jira, kada ka ce a daina. In murya ta ɗaga, ka sassauta taka, ka tuna musu abin da suka amince. In wani ya miƙe tsaye yana nuna yatsa, a tashi na minti goma. In ya sake, a ɗage zuwa gobe.

Sai maganar wa'azi, wadda a nan mutanenmu suka fi zamewa. Tunatarwa da aya ko hadisi tana da wurinta, musamman a ƙarshe. Amma in ka fara da ita, ka jero falalar haƙuri da haramcin gaba fiye da kwana uku tun mutum bai faɗi abin da aka yi masa ba, ka toshe masa baki ne da abin da ba zai iya musawa ba. Aya ta 9 a Suratul Hujurat da ta yi umarni da sulhu ta ce a yi shi da adalci. Haƙurin da kullum ƙarami ake ce ya yi, mace ake ce ta yi, ba zai riƙe ba.

Mataki na 8: Neman mafita

Da ka ga kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, ka juya su gaba: “To, jarrabawa mai zuwa, yaya za a yi kada a maimaita?” Su za su kawo shawara, kai rubutu ne naka. Ka rubuta duka tukuna, har waɗanda ba za su yiwu ba, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. In sun kafe, ka jefa taka a matsayin tambaya: “In aka riƙa liƙa ranar a allon sanarwa fa?” Abin da suka ƙirƙiro da kansu sun fi kiyaye shi.

Kowace shawara ka gwada ta da tambaya uku: wa zai yi, me zai yi, yaushe? “Za mu riƙa girmama juna” ba ta amsa ko ɗaya ba, don haka ba ta shiga yarjejeniya. Na ga direbobi biyu da suka kusa ba hammata iska, kowa na cewa ɗayan ɗan fadan shugaba ne. Asalin abin tafiyar nesa ce mai kuɗin kwana, wadda ake ba duk wanda aka fara gani da safe. Takarda ɗaya aka liƙa a bango, wannan tafiya ta wane, mai zuwa ta wane, wanda ya yi fashi ya jira zagayowa. Ba a yi musu dogon jawabi ba.

Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar ƙarancin malamai ko rashin kayan aiki, kada a yi alkawari a kansa. A rubuta shi daban a matsayin roƙon da su biyun za su kai wa shugaba tare.

Mataki na 9: Ban haƙuri

Ba a matsa shi. Wanda aka tilasta wa ya ce “yi haƙuri” zai rama ta wata hanya. Amma ƙa'ida ɗaya nake tsayawa a kai: abin da aka ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a ake gyara shi. Wanda ya sa sunan mutum a guruf, ban haƙurin cikin ɗaki bai isa ba, sai ya koma guruf ɗin ya rubuta layi biyu. Ku tsara kalmomin tare tun kuna zaune.

Wani dattijon ba zai iya furta “ki yi haƙuri” ga wadda ya haifa ba, amma zai ce, “Abin da na faɗa ranar nan bai dace ba, ba zai sake faruwa ba.” Ka tambayi wadda aka yi wa ko wannan ya gamsar da ita. In ta ce e, ka karɓa. Wanda ba a karɓa shi ne “in ma na ɓata miki rai”, domin bai amsa komai ba. Musafaha kuwa in ta zo da kanta madalla. Ba a ɗaukar hoto, ba a kiran 'yan ofis su zo su gani.

Mataki na 10: Rubuta abin da aka amince

Rabin shafi ya isa, kuma ba a rubuta wanda ya yi laifi. Na malaman nan ya kasance kamar haka: jami'in jarrabawa zai liƙa ranar karɓar maki a allon sanarwa sati biyu kafin lokaci, malamar lissafi za ta riƙa kawo na kowane aji da ta gama, ba sai ta haɗa duka ba, in za ta makara za ta sanar da shi kwana biyu kafin ranar, duk gyaran da zai yi mata a ofishinsa ne, ba a ɗakin malamai ko guruf ba, su biyun za su ga shugaba a kan ƙarin malami, za a sake zama bayan wata ɗaya.

Ka karanta da ƙarfi, kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki kwafi. Kada takardar ta shiga fayil ɗin kowa sai sun yarda. Wasu na tsoron sa hannu, suna ganin tarko ne da za a fito da shi ranar ƙarin girma. In haka ne, a karanta a gaban shaida ɗaya da duka suka aminta da shi, ya wadatar. Wanda ba ya karatun boko a karanta masa da Hausa, ko a rubuta masa da ajami in shi ya iya. Bayanan da ka rubuta a littafinka kuma ka yage su a gabansu.

Mataki na 11: Bibiya

Bayan sati ɗaya ka leƙa kowa shi kaɗai, tambaya ɗaya tak: yaya ake ciki? Bayan wata ku zauna ku uku na minti goma sha biyar da takardar a hannu. Kada gaisuwar da suka dawo da ita ta ruɗe ka, gwajin gaskiya shi ne ranar da abin da ya haɗa su ya sake zagayowa, ranar karɓar maki ko ranar tafiyar nesa. In wani sharaɗi bai yi aiki ba, a gyara sharaɗin, ba sai an tono tsohuwar magana ba. 'Yan ofis masu son jin ƙwaƙwaf kuwa amsa ɗaya ce: “Sun zauna, sun daidaita.”

Idan abin ya ci tura

Wani sulhun ba ya yiwuwa, ko ka yi komai daidai. Ka gaya wa shugaba ba a daidaita ba, kada ka ce wane ne ya ƙi. Ana iya gwada wani mai sulhun, ko a rage wuraren da aikinsu ke haɗuwa, kamar a sa mutum na uku ya riƙa karɓa daga wannan ya miƙa wa wancan. In canjin wurin aiki za a yi, a lura kada ya zama kullum mai ƙaramin muƙami ne ake jefawa ƙauye. Daga nan sai ƙorafi a rubuce ta hanyar da dokokin ma'aikata suka tanada, ko ta ƙungiya.

In maganar ta kai ga haƙƙin kuɗi ko kora, akwai wuraren sulhu na hukuma. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da cibiyar sasanci tun 2015. Akwai kuma cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna, waɗanda aka fara a Legas a 2002, yanzu akwai a Abuja da Kano da wasu jihohi, kuma a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar sasanci da shiga tsakani ta tarayya. Mai niyyar zuwa kotu ya ga lauya da wuri, domin wasu ƙararrakin suna da wa'adi, kuma zaman sulhun ofis ba lallai ya tsayar da shi ba.

Kai kuma, in aka kafa kwamitin ladabtarwa a kan wannan magana, kada ka yarda a sa ka a ciki, kada kuma ka je ba da shaida da abin da aka faɗa maka a asirce. Ka nemi uzuri a rubuce tun ranar da aka ambaci sunanka.